Ringgit Casa'in a Wata

Bayan Lepas, Pulau Pinang
9 ga Fabrairu, 1998

Zuwa ga Ayah, mahaifina, Jusoh bin Derahman,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Ni lafiyata ƙalau, in ban da ciwon wuya na aiki. Ni ce Rosnani, 'yarka da Mek Som ta Marang. Na rubuta sunan a cike ne don ban sani ba ko akwai wata Nani a gidanka yanzu. Ƙanenka Pak Su ne ya ba ni adireshin, bayan na yi masa zarya uku.

Shekarata bakwai ke nan a wani kamfanin kayan lantarki, ina liƙa ƙananan wayoyi a ƙarƙashin madubi. Mu takwas ne a ɗaki. Tun bara aka soke aikin ƙarin lokaci, sai tsuran albashi.

Na je gida da ƙaramar salla. Yanar ido ta rufe wa Mak, mahaifiyata, idon dama, ta fara taɓa na hagu. Har yanzu tana murza keropok, curin niƙaƙƙen kifi, tana sayarwa a bakin titi, amma ba ta ganin bakin tukunya, ta ƙone hannu sau biyu. Likita ya ce sai an yi aiki. Layin asibitin gwamnati ya kai baɗi, na kuɗi kuma ringgit dubu uku ne ido ɗaya.

Ina neman katin asibitinta a gwangwanin biskit na ci karo da takardar kotun shari'a ta 1980. Alƙali ya yanke maka ringgit casa'in a wata, kuɗin ciyar da ni, har in cika sha takwas. A lokacin shekarata shida. Na tambayi Mak, ta ce wata biyar ka aiko. Na ce me ya hana ta komawa kotu, ta ce, "Da wane kuɗin mota? Kuma wa zai tsare mini tukunya?"

Na lissafa: wata ɗari da talatin da tara, ringgit dubu goma sha biyu da ɗari biyar da goma. Magatakardan kotu ya ce mini, "Ƙanwata, rubuta masa tukuna, uba ne." Shi ya sa na rubuto. Ba rigima nake nema ba, ba ni ma da ƙarfinta. Ka faɗa mini abin da za ka iya.

'Yarka,
Rosnani

*

Lahad Datu, Sabah
14 ga Afrilu, 1998

Zuwa ga 'yata Nani,

Wa'alaikumussalam. Ayah yana nan lafiya, sai dai kafaɗa, da tari in an yi feshin magani a gona. Takardarki ta yi wata guda a ofishin gandu kafin a ba ni, ni kuma ta yi sati uku a aljihuna kafin in iya ɗaukar alƙalami. Ki yi haƙuri da rubutun Jawi, ajaminmu, shi kaɗai na iya. Ban so in ba wani ya rubuta mini da boko ba, don maganar ba ta bakin kowa ba ce.

Babu wata Nani a nan. Ina da yara uku: Azmi, da Rahim, da autarsu Salbiah da ke aji huɗu na firamare. Uwarsu Hajerah tana tsince 'ya'yan kwakwar da suka zube, ni kuma ina yankan nonon kwakwar manja da lauje a kan doguwar gora. Wata mai kyau nakan samu ɗari shida. Shekarata hamsin da bakwai, kuma gorar tana ƙara nauyi kowace shekara.

Na ji labarin idon uwarki, raina bai yi daɗi ba. Mace ce da ba ta taɓa zama ba. Ki gaishe ta, in za ta amsa.

Abin da kika lissafa daidai ne, ban musa ko sisi ba. Da na bar Marang bashin injin jirgin kamun kifi ne ya koro ni, na ce shekara biyu zan yi in dawo. A wata na shida zazzaɓi ya kwantar da ni. Na bakwai na ce zan haɗa biyu in aiko. Na takwas kunya ta kama ni, daga nan kuma kullum abin sai ƙara tsawo yake. Ba uzuri nake kawo miki ba, yadda aka yi ke nan.

Bashin nan kuwa, Ayah zai biya. Ki ba ni lokaci in ga yadda zan yi da nan gidan, don Hajerah ta san na taɓa aure, amma ba ta san da takardar kotu ba.

Tsayinki ya kai na uwarki?

Ayah

*

Bayan Lepas
6 ga Mayu, 1998

Ayah,

Assalamu alaikum. Ina lafiya. Mak tana nan yadda take.

Rabona da Jawi tun firamare. Kwana uku na yi ina bin takardarka da yatsa, ban nuna wa kowa a ɗakinmu ba. Na karanta sunayen yaranka, na karanta labarin zazzaɓi da na kunya, har na fara jin tausayi. Sai na iso layin da ka ce, "Bashin nan kuwa, Ayah zai bar shi." Na maimaita shi ya fi sau goma ko zai canza.

Za ka bar shi. To ai dama a barinsa yake shekara goma sha takwas, ba sai ka ɓata kan sarki ka sanar da ni ba.

Tunda Salbiah tana aji huɗu, bari in ba ka labarin nawa karatun. Na ci jarrabawar aji uku na sakandare da sakamakon da shugabar makaranta ta tako har rumfar Mak ta ce a bar ni in ci gaba, zan iya zama malama. Mak ta ce mata, "Malama, in ta tafi wa zai ɓare mini kifi?" Ba mugunta ba ce, a shekarar ne rufin ɗakinmu ya faɗi. Na yi shekara biyu ina ɓare kifi, har yau in na shiga motar kamfani sai in ga kamar ana jin ƙarnina. Casa'in a wata ya isa littattafai da kuɗin mota, har da canji.

Na koma wurin magatakarda. Mak ta ƙi sa hannu sai da na yi kwana biyu ban ci abincinta ba, sannan ta dangwala yatsa tana cewa, "Ke da ubanki, kanku ɗaya." An shigar da ƙara. Takarda za ta zo maka.

Ka tambayi tsayina. Na fi ta.

Rosnani

*

Lahad Datu
20 ga Agusta, 1998

Nani,

Wa'alaikumussalam. Da sauƙi kafaɗar. Ina fata kina lafiya.

Takardarki ta watan Mayu da sammacin kotu rana ɗaya aka miƙo mini su, ranar biyan albashi, a gaban layin ma'aikata. Akawu ya ɗaga sammacin ya ce, "Pak Jusoh, kai da ko kaza ba ka iya yankawa, me ka yi wa hukuma?" Aka yi dariya, ni ma na yi. Kafin in kai gida labari ya riga ni.

Hajerah ba ta yi faɗa ba. Ta sa Azmi ya karanta mata sammacin tun daga sama har ƙasa, sannan ta ce, "Shekara goma sha shida ina kwana da mai cin abincin yarinya ban sani ba." Ta yi sati biyu tana ajiye mini shinkafa a bakin ƙofa. Yaran kuma ba sa kallon idona.

Nani, ban rubuta zan bar shi ba. Na rubuta zan biya. Allah ne shaidata. Tun watan Afrilu na daina shan taba, ina jefa kuɗin a gorar ruwa, yanzu sun kai ɗari biyu da sittin. Nufina in sun cika ɗari biyar in aiko gaba ɗaya, don kada in zo miki da abin kunya. Na ji shiru daga wajenki na ɗauka kin ba ni lokacin da na roƙa ne. Ashe ke kina can kina jin haushi, ni ina nan ina tara sulalla.

Ki sake duba takardar. In kuma kin gani kin fi son kotun, ba zan ce kin yi laifi ba. Sai dai manaja ya kira ni ya ce ba ya son ma'aikacin da ake aiko wa sammaci, kuma akwai samari da yawa masu neman gorata.

Labarin makarantarki ban san shi ba sai yanzu.

Ayah

*

Marang, Terengganu
2 ga Satumba, 1998

Ayah,

Assalamu alaikum. Ina gida, an ba mu hutun kwana uku. Ina lafiya. Idon hagun Mak ya ƙara dushewa, ta daina fita rumfa, maƙwabciya ce ke riƙe mata ana raba riba.

Na kawo mata takardarka ta Afrilu. Ta fita tsakar gida da rana tsaka, ta kanga ta a hancinta, ta daɗe tana bi. Sai na ji tana dariya, irin wadda ba ta da daɗin ji. Ta ce, "Har yanzu bai san inda ake sa alif ba." Ta nuna mini: bayar, wato biya, da biar, wato bari, haruffansu ɗaya ne, alif da ya ne kawai ke musayar wuri. Kai ka sa alif ɗin a inda ba nan ba. Abin da na karanta shi ne a rubuce, abin da ka ce kuma shi ka nufa.

Na ce mata, "Ke nan na kai shi kotu a kan harafi ɗaya." Ta ninke takardar ta miƙo mini ta ce, "Ni ma ya rubuto mini zai biya, har sau uku, kuma ni na karanta daidai. Me ya zo?"

Na kwana biyu ina juya maganar. Na ba ka haƙuri a kan sammacin da aka ɗaga a gaban mutane, ban so haka ba, kuma yaranka ba su yi mini komai ba. Amma ba zan janye ba. In na janye, abin da zai rage a hannuna alkawari ne, shi kuwa akwai irinsa uku a gwangwanin Mak. Magatakarda ya ce in ka zo da kanka za a fara zaman sulhu, ba sai an aika wa manajanku komai ba. An sa ranar 17 ga Nuwamba.

Na san kuɗin jirgi daga Sabah ba wasa ba ne. Na gaji, Ayah. Ina so a yi ta ta ƙare.

Rosnani

*

Lahad Datu
11 ga Oktoba, 1998

Nani,

Wa'alaikumussalam. Muna lafiya. Zan zo. Hajerah ta kai awarwaronta jingina, ta ajiye mini kuɗin a kan tabarma ta ce, "Je ka ka tsaya a gabanta, ko Salbiah ta ga yadda ake yi." Kuɗin gorar ruwa sun kai ɗari huɗu, zan taho da su. Wannan karon na sa Azmi ya duba mini kowane alif.

Ayah

*

Bayan Lepas
5 ga Disamba, 1998

Ayah,

Assalamu alaikum. Ina fata ka koma lafiya. Ni mura ce ta kama ni tun ruwan ranar zaman sulhu, amma ta yi sauƙi.

A gaban jami'in sulhu ban ce maka komai ba sai i da a'a, da aka tashi kuma na fice ta ƙofar baya. Ga dalili.

Mak ba ta iya zuwa ba, ni kaɗai na zo, kuma na riga kowa. Wanda nake jira dogo ne mai faɗin kafaɗa, mai gashin baki, kamar yadda yake a hoton aurenku. Sai wani tsoho ya shigo a jiƙe, kafaɗarsa ɗaya ta fi ɗaya sauka, ya zauna a ƙarshen bencina. Ya ce, "Ruwan nan na Terengganu bai canza hali ba." Na ce ai bana ma da sauƙi. Ya ciro ayaba dafaffiya a leda ya miƙo mini, na karɓa don ban karya ba. Ya tambayi aikina, na faɗa masa har da ciwon wuya, ya ce in riƙa ɗumama gishiri a tsumma ina dannawa. Na kira shi yadda ake kiran kowane dattijo, na ce, "Pak Cik, kai me ya kawo ka?" Ya ce, "Tsohon laifi." Na yi dariya. Na ce a raina, ina ma irin wannan ne uban mutum.

Minti arba'in muka yi. Da aka kira Jusoh bin Derahman, tsohon ya miƙe.

Shi ya sa na kasa magana. Bawon ayabarka na hannuna har aka gama zaman. Na zo da jawabin da na yi wata shida ina shiryawa, ban furta ko kalma ɗaya ba. Ban san wanda zan faɗa wa ba, mutumin hoton bai zo ba.

Na sa hannu a kan ɗari a wata. Jami'in ya ce shekara goma ke nan da 'yan watanni, na ga ka ƙirga da yatsu. Ɗari huɗun na haɗa da rancen da na ci a ƙungiyar ma'aikata, za a yi wa Mak idon dama bayan salla. Na Disamba ya iso jiya.

Abu ɗaya nake so in sani. Da kake ba ni ayaba, ka san ko wace ce ni?

Rosnani

*

Lahad Datu
12 ga Janairu, 1999

Nani,

Wa'alaikumussalam. Muna cikin azumi lafiya. Manaja ya sauke ni daga yanka ya mai da ni gadin sikeli. Kuɗin ya ragu, amma kafaɗa ta huta. Ɗarinki ba za ta taɓu ba, Hajerah ce ke cirewa da hannunta kafin a sayi shinkafa.

Na san ke ce. Tun daga bakin ƙofa na gane ki, zamanki irin na mahaifiyata ne, ƙafa ɗaya a kan ɗaya, hannu a ƙarƙashin haɓa. Na tsaya a baranda ruwa na dukana ina neman abin da zan fara cewa. Da na zauna na buɗe baki in ce ni ne, sai maganar ruwa ta fito. Kika amsa mini da fara'a. Na san da zarar na faɗi sunana fara'ar za ta tafi, kuma da gaskiyarki. Sai na ce bari in ɗan ƙara minti ɗaya. Haka har aka kira ni.

Na san wannan ma wani abu ne na ɗauka ba da izininki ba. Amma ban taɓa jin muryarki ta girma ba sai ranar, kuma ban san ko zan sake ji ba.

Bayan an tashi na bi ta titin rumfar uwarki. Na hango ta zaune a ƙofar gida tana tsince barkono da lalube. Na tsaya a tsallaken titi har motar Kuala Lumpur ta zo, ban ƙarasa ba.

Salla ta matso. Ayah yana neman gafararki, ta zahiri da ta baɗini, abin da na ci na haƙƙinki da abin da na hana ki zama. In ba za ki iya ba, ki faɗa mini kai tsaye, zan ɗauka.

Ayah

*

Marang
7 ga Maris, 1999

Ayah,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ka gaishe da Mak Cik Hajerah, ka ce na gode. Na Janairu da na Fabrairu da na Maris duk sun iso.

An yi wa Mak aiki, an cire bandeji ranar Talata. Abin da ta fara cewa shi ne bangon ɗakin ya yi datti, me ya sa ba wanda ya gaya mata. Daga nan ta dube ni ta daɗe, ta ce na rame.

Na karanta mata takardarka. Da na zo wurin tsallaken titi ta ce, "Ya tsufa?" Na ce ya tsufa sosai. Ta ce, "To." Ta tashi ta ɗora ruwa. Ba ta sake tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba.

Na yi fushi da na ji ka san ni ce a bencin nan. Na yi sati ina fushi, sannan ya wuce, don ba ni da lokacinsa: aiki, da rance, da zirga-zirgar asibiti. Gishirin da ka ce yana taimaka wa wuyan.

Ka nemi in yafe, kuma ka ce in faɗa kai tsaye. Da salla na zauna bayan an sauko daga idi na duba zuciyata da gaske. Ban sami ƙiyayya ba. Abin da na samu gajiya ce, irin ta wanda ya sauke kaya bayan doguwar tafiya, wuyansa bai daina ciwo ba tukuna. Ban sani ba ko ita ce yafiya, kuma ba na so in rubuta maka abin da ban tabbatar ba don kawai salla ce.

Ka ci gaba da aikowa. Kada ku cire Salbiah daga makaranta saboda ni. In wata ya zo da sai an zaɓa tsakanin kuɗinta da nawa, ka biya nata, ka rubuto ka gaya mini gaskiya. Ni kuma ranar da na san amsar tambayarka, zan rubuto maka.

'Yarka,
Nani